Hannun da Ba a Shafa wa Mai Ba

Ranar da tiren ƙananan kofuna ya kuɓuce daga hannun Baba Kafinta a tsakiyar coci, Maman Magaji ba ta kalli ƙasa ba, fuskokin mutane ta bi da kallo. Ruwan inabin Jibin Ubangiji, wanda ake sha don tunawa da mutuwarsa, ya malale a siminti, kofuna suka gangara ƙarƙashin benci, mijinta kuwa ya tsaya hannunsa na dama yana ta rawa kamar ba nasa ba. Babu wanda ya yi dariya. Da ma dariyar suka yi, da ya fi mata sauƙi. Kallon juna suka yi, irin kallon mutanen da suka daɗe suna zargin abu, yau kuma suka ga shaida.

Ba za a gane wannan kallo ba sai an san matsayin Baba Kafinta a cocin nan. Shi ya yi mumbari, shi ya yi teburin Jibi, shi ya sassaƙa gicciyen da ke jikin bango, tun yana da ƙarfinsa. Tsohon fasto, wanda ya daɗe da rasuwa, ya taɓa yin wa'azi a kan mutumin nan na zamanin jeji, wanda Allah ya kira da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa don ya ƙera alfarwa ta sujada da kayan cikinta. Yana tsakiyar wa'azi ya nuna Kafinta da yatsa ya ce, "Ga namu nan zaune." Shi ke nan, kan mutum ya kumbura, kuma kumburin bai sake sacewa ba.

Daga nan ya fara kafa dokoki. In aikin coci ne, sai ya yi azumi, sai dattawa sun shafa masa mai a tafin hannu sun yi addu'a. Ba ya sa ƙusa ko ɗaya a teburin Jibi, domin a cewarsa da ƙusa aka soke Ubangiji. Rami yake fafewa a wannan katako, ya fiƙe harshe a wancan, su shige juna su riƙe. Babbar dokar kuwa, hannun da ba a shafa wa mai ba, ba zai taɓa aikin ba har a keɓe shi ga Allah. Shi da kansa ya roƙi dattawa su riƙa tambayarsa a gaban jama'a ranar keɓewa, ko akwai wani hannun da ya taɓa, shi kuma ya ɗaga murya ya ce, "Babu!" Mutane suna son wannan wurin fiye da wa'azi.

Wanda dokar ta fi ci shi ne Magaji, ɗansu tilo. A cikin garin katako ya yi rarrafe, ya tashi yana yin ƙofofi da gadaje tare da ubansa, amma da zarar katakon coci ya iso sai a rufe masa ƙofa. Yana saurayi, wata rana ruwan sama ya tsuge, ya ɗauki katako ɗaya na coci ya shigar da shi inuwa don kada ya jiƙe. Uban ya fito da katakon ya cinna masa wuta a gabansa. Bai daɗe ba Magaji ya bar gidan, ya buɗe nasa shagon a can wani ɓangaren gari, da injina, yana yin kujerun falo da kabad. Tsakaninsa da uban sai gaisuwar ranar Lahadi.

Game da rawar hannun Kafinta kuwa, likita ya ce ciwon jijiya ne, girma ke kawo shi, magani zai rage amma ba zai raba shi da shi ba. Maman Magaji ta yi ta yawo da wannan magana gida gida kamar mai talla, ba ta samu mai saye ba. Mutanen da aka yi shekara da shekaru ana gaya musu Ruhu ne ke riƙe da hannun nan, me ake so su ce ranar da hannun ya saki? Da bakinsa ya koya musu. In Ruhu ne ya bayar, to Ruhu ne ya karɓe, kuma Ruhu ba ya tashi haka kawai sai an yi masa wani abu. Wasu suka ce mace ce. Wasu suka ce da ragowar katakon coci ya yi gadon da yake kwana a kai. Matan da suke zama benci ɗaya da ita suka fara barin fili tsakaninsu da ita, wai zafi ake yi.

Wata rana da hantsi sai ga Mai-ƙararrawa, babban dattijon coci, wanda duk tsufansa ba ya yarda kowa ya ja igiyar ƙararrawa sai shi. Ya zauna, ya sha ruwa, ya gyara murya.

"Ɗan'uwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba. In akwai wani abu tsakaninka da Ubangiji, ka fito da shi. Ba tonon asiri muka zo yi ba, taimako muka zo."

"Babu komai," in ji Kafinta, yana danne hannun dama da na hagu a kan gwiwa.

"To madalla. Ka san sabon ginin coci ya kusa ƙarewa, kuma tsohon tebur ya yi masa kaɗan. Wasu sun ce a ba wani aikin, ni na ce a'a. A ba ka, a shafa maka mai yadda aka saba. In Ruhu yana tare da kai, aiki zai nuna. In kuwa ba ya nan..." Ya buɗe hannuwansa bai ƙarasa ba.

Maman Magaji ta kasa haƙuri, ta leƙo daga ƙofar kicin. "Baba Dattijo, mutum ba shi da lafiya. Aiki za ku ba shi ko jarrabawa za ku yi masa?"

"Mama, ai ba mu muka kafa dokar ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mata ciwo. Kafinta bai ko kalle ta ba ya ce, "Ku kawo katako."

Aka kawo katako, ja, mai nauyi, mai ƙamshi. Aka shafa mai, aka yi addu'a, ya shiga shagonsa da ke bayan gida ya rufe ƙofa. A da, bugun gudumarsa a kan kurfi, ƙarfen fafe katako, yana da tsari, har takan yanka albasa tana bin sautin ba ta sani ba. Yanzu sai a buga ɗaya, a yi shiru, sai ta ji wani abu ya faɗi. Ta daure, ta daure, har ranar da ta kai masa abincin rana ya ƙi amsa sallama. Ta tura ƙofa ta same shi zaune a ƙasa. Ramin da ya fafe ya karkace ya ɓullo ta gefe, ƙafar tebur ɗaya ta tsage gida biyu, shi kuma hawaye yana bin gemunsa.

"Ko dai gaskiyarsu ce?" ya ce. "Na binciki kaina, na binciki kaina, ban ga komai ba. Ko dai ya tafi ne ban sani ba?"

Wannan ya fi tsorata ta fiye da duk gulmar gari. Maganar ta zo mata har bakin leɓe, ta ce masa in laifi yake nema ya tuna katakon da ya ƙona, amma ta haɗiye. Ta ajiye kwano ta ɗauki mayafinta.

Shagon Magaji ƙara ce kawai da ƙura. Da ya hango ta ya kashe inji, ya share mata kujera da gefen rigarsa.

"Mama, lafiya da ranar nan?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara yana murza wata guntuwar itace a yatsunsa, sannan ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ni? Ai hannuna ƙazanta ne, Mama. Kin manta katakon ruwan sama?"

"Ban manta ba."

"Labarin nan na jeji da yake taƙama da shi, na karanta da idona. An ce Allah ya sa wa mutumin a zuciya ya koyar da wasu, har mataimaki aka ba shi. Wannan shafin ɓera ne ya cinye shi a littafin Baba?"

"Ba gardama na zo yi ba, Magaji. Ubanka ya fara yarda da abin da suke faɗa. In aka bar shi haka, zai mutu yana ganin Allah ya juya masa baya. Na roƙe ka don nonon da ka sha."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Washegari da safe ta ji an taɓa ƙofar baya, ta buɗe ta gan shi tsaye, ba ko zarto a hannunsa. Ta raka shi har ƙofar shago. Uba da ɗa suka daɗe suna kallon juna. Daga ƙarshe Kafinta ya kawar da kai ya ce, "Je ka wanke hannu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Maman Magaji ta gani a gidan nan tun tashin ɗanta. Kafinta yana zaune a kan ƙaramar kujera, Magaji yana tsaye a kan aiki. Tana jin su daga kicin.

"Kada ka bi shi da ƙarfi, bi jijiyar itacen. Saurara. Ka ji ƙarar ta canza? To ka kusa, sassauta."

"Baba, da inji ne da tuni na gama."

"Ku 'yan inji ke nan, ku buga ƙusa, ku shafa gam, ku ce kun yi aiki. Bayan damina ɗaya kujera ta fara rawa kamar hannuna."

Suka fashe da dariya su biyu. Ta tsaya da ludayi a hannu tana sauraro har miya ta kama. Wata rana kurfi ya zame ya yanki babban yatsan Magaji, jini ya ɗiga a kan harshen katako. Ya nemi ya goge da samfefa, uban ya ce ya bari, ai cikin rami zai shiga, babu mai gani. Ita ta ɗaure masa yatsan da tsumma mai tsabta.

Ranar da ƙafafu huɗu suka shige wurarensu, tebur ya tsaya cif, ko motsi ba ya yi. Kafinta ya tashi ya shafa samansa da hannun nan mai rawa, daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya ɗauko tsohon kurfinsa, wanda ƙotarsa ta yi baƙi saboda gumin shekaru, ya miƙa wa ɗansa.

"Riƙe, naka ne. Ranar keɓewa kuma zan faɗa musu da bakina. Zan ce su shafa maka mai a gaban kowa."

Magaji ya karɓa da hannu biyu. Ita kuwa ta yarda da alkawarin nan ɗari bisa ɗari, don tana son ta yarda. Duk da haka, da safen keɓewa suna kan hanya ta tambaye shi, "Baban Magaji, kana nan a kan maganarka?" Ya ce yana nan.

Sabon gini yana warin fenti, ya cika har bakin ƙofa. Magaji ya zauna can baya cikin sabuwar riga. Da aka yaye farin ƙyallen da ya rufe tebur, coci gaba ɗaya ya ja numfashi. Mai-ƙararrawa ya zagaya shi, ya girgiza shi da hannu biyu, ya durƙusa da tsufansa ya leƙa ƙarƙashi yana neman kan ƙusa, bai samu ba.

Sabon fasto matashi ne mai karatu, kuma ranar ya zuba wa'azi. Ya ce malaman Yahudawa na da sun lura cewa Allah yana zuba hikima ne a zuciyar da ya tarar da hikima a cikinta. Ya ce Ruhun da ke sa annabi magana, shi ne ke sa hannun mai sana'a aiki, don haka kada kowa ya raina mai zarto a gidan Allah. Sai ya sauko, ya kama hannun Kafinta na dama ya ɗaga shi sama, hannun yana ta karkarwa a idon kowa.

"Ku dubi hannun nan! Da wannan hannun aka yi wannan tebur. In ba Ruhu ba, wa zai iya?"

Coci ya rikice da tafi da ihu. Waɗanda suka ce mace ce, su suka fi kowa kuka. Matar da ke kusa da Maman Magaji ta matso ta rungume ta, ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da maganar mutane ba. Sai dai a faɗi gaskiya, Maman Magaji ta ji daɗi. Wata da watanni ana kallon mijinta kamar mai kuturta, yau ga shi a tsaye ana kiran sunan Allah saboda shi. Daɗin ya ratsa ta har ƙashi.

Da hayaniya ta lafa, Mai-ƙararrawa ya ɗaga hannu. "Fasto, kai sabo ne. Akwai tambayar da muka saba yi." Ya juya ya fuskanci Kafinta. "Ɗan'uwa, a gaban Allah da gaban jama'arsa, akwai hannun da ba a shafa wa mai ba da ya taɓa wannan aiki?"

Kafinta ya kalli tebur, ya kalli mutanen da hawayensu bai bushe ba, sannan ya nemo idon matarsa. Ta san abin da yake tambayarta. Da ta ɗan juya kai ta nuna masa bencin baya, da ya isa. Amma kafaɗar maƙwabciyarta tana jingine da tata, da ɗumi, kuma ta san in ya faɗi gaskiya, kafin a tashi za a fitar da teburin nan waje, a ce Ruhu ya tafi har mutum ya koma yaudara. Sai ta sunkuyar da kai tana kallon siminti.

"Babu," in ji Kafinta, a hankali.

"Ba mu ji ba!" wani ya ce daga tsakiya, cikin murna.

"Babu!"

Aka sake ɓarkewa da tafi, mawaƙa suka ɗauki waƙa. Aka jera gurasa da kofuna a kan sabon tebur, aka fara raba Jibi. Sai a lokacin ta iya waiwayawa. Magaji yana zaune yadda yake, hannunsa mai tabo a cikin aljihu. Da tire ya iso gabansa ya karɓa da ɗayan hannun ya miƙa wa na kusa da shi, bai ɗauki komai ba. Kafin waƙar ƙarshe wurinsa ya zama fili.

Wajen sanarwa Mai-ƙararrawa ya ce tunda Ubangiji ya nuna yana tare da bawansa, dattawa sun ga bai dace tsohon mumbari ya tsaya kusa da irin wannan tebur ba. Za a kawo katako a yi sabo. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi.

Da suka koma gida ta tarar da kurfin a kan dandamalin ƙofar baya, a naɗe cikin tsumman da ta ɗaure masa yatsa, an wanke shi tas. Ta ɗauka ta kai shago ta ajiye a kan bencin aiki, inda mijinta zai gani. Ta je shagon Magaji bayan kwana biyu. Ya gaishe ta da ladabi, ya share mata kujera, ya tambayi jikin Baba. Da ta buɗe baki za ta yi magana ya ce, "Mama, aiki ya yi mini yawa yau," ya kunna inji. Ta zauna cikin ƙarar har ta gaji, ta tashi ta tafi, bai ɗago ba.

Haushi take ji, na mijinta, na Mai-ƙararrawa, na faston da ya iya wa'azi, amma wanda ya fi cin ta shi ne nata na kanta. A coci kuwa yanzu kowa yana neman wuri kusa da ita.

Ba a daɗe ba motar katako ta tsaya a ƙofar gida. Dattawa suka shigo da kwalbar mai, suka shafa wa Kafinta a tafin hannu, suka yi doguwar addu'a, suka tafi suna yi masa fatan alheri. Ya zauna a ƙaramar kujerar nan a cikin shago, katako jibge a gabansa, man yana sheƙi a hannun da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya kai hannu zai ɗauki kurfi, kurfin ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

Ta kawo masa ruwa, ta riƙe masa kofi ya sha, don yanzu ba ya iya kai shi baki ba tare da ya zubar ba. Ya goge gemunsa, ya daɗe yana kallon ƙofar baya.

"Maman Magaji," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ko za ki je ki kira shi?"

Ta zubar da ragowar ruwan a bakin ƙofa, ta kife kofin.

"Wa zan kira? A gaban Allah da jama'a ka ce babu, ni kuma ina zaune na yi shiru."